Jemage da miyar kuka

A cikin halittun da ke zaune tare da mu a ƙasar Hausa, da wuya a sami wadda bakin mutane ya ɓata kamar jemage. Kura tana da mugun suna, amma ana shakkarta. Jaki ana raina shi, amma kowa ya san ranarsa idan rijiya ta yi nisa da gida. Shi kuwa jemage bai sami tsoro ba, bai sami girma ba, sai zargi. Mutum in ya cika fuska biyu, sai a ce masa jemage, kai ba tsuntsu ba, kai ba dabba ba. Tatsuniya ta ce ran da manzon sarkin tsuntsaye ya zo karɓar lanho, jemage ya wangale baki ya nuna haƙora, ya ce shi dabba ne. Da manzon sarkin dabbobi ya zo, sai ya buɗe fukafukai. Ana cewa makaho ne, ana cewa ta baki yake kashi, ana cewa in ya shiga ɗaki ba alheri ya kawo ba. Faransawa ma ba su yi masa adalci ba, domin sunan da suka ba shi, chauve-souris, ma'anarsa ɓera mai sanƙo, alhali kuwa shi ba ɓera ba ne, kuma kansa cike yake da gashi.

Da waɗannan maganganu muka girma a Dakwaro, kuma a lise abin da littafin kimiyyar halittu ya ba jemage bai wuce layi uku ba. Abin da nake so in sanar da mai karatu shi ne, wannan halitta da yaranmu ke jifa tana da hannu cikin tuwon da muke ci da miyar da muke zuba masa, kuma doka ta riga mu gane hakan. A dajin Gadabeji na fara jin wannan zance, ran da na kai iyalina kallon raƙuman dawa.

Ga wanda bai san Gadabeji ba, daji ne na gwamnati a arewa maso gabas da Dakwaro, inda gonakin hatsi ke ƙarewa, makiyayar Fulani da Abzinawa ta fara. An keɓe shi tun 1955, zamanin mulkin Faransa, hekta dubu 76, aka hana farauta cikinsa ɗungum. Da yana cikin gundumar Dakwaro, amma tun 2011 da Barmo ta zama gunduma ya koma ƙarƙashinta. A 2017 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren da duniya ke tattalin halittunsu. Raƙuman dawa sun yi kimanin shekara 50 da ɓacewa daga wurin, fari da farauta suka ƙare su, har watan Nuwamba na 2018 da aka ɗauko guda 8 daga Kure, kusa da Yamai, aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su cikin mota, aka sake su a can.

Ƙarshen daminar 2023, kafin a koma lakwal, muka tashi mu biyar: ni da maiɗakina, da ɗiyarmu mai shekara 10, da ƙanenta mai shekara 7, da mahaifiyata, wadda ta ce tun tana yarinya take jin labarin raƙumin dawa amma ba ta taɓa sa shi a ido ba. Ma'aikacin gandun dajin da ya yi mana rakiya dattijo ne marar yawan magana, wanda ya san dajin kamar tafin hannunsa. Muka ga barewa, muka ga jan biri, bayan la'asar kuma muka tarar da raƙuman dawa suna tsinkar ganye a ƙololuwar kandili. Buƙata ta biya. Da rana ta yi ja sai muka sauka bakin wani tabki da damina ta bari, domin mu yi alwala kafin mu kama hanya.

Muna nan sai wani tsohon icen danya mai kogo ya fara fitar da jemagu, ƙanana, ɗaya bayan ɗaya, sannan goma-goma, har sama ta cika. Suna sauka kan tabkin suna shafar ruwa da baki ba tare da sun tsaya ba, su tashi, su karkace kamar an fizge su da zare. Ban ankara ba yarona ya zaro danƙo daga aljihu. Dattijon bai ɗaga murya ba.

— Mai da danƙon nan aljihu, yaro.

— Baba, ai jemage ne.

— Na gani jemage ne. Cikin dajin nan, dokar da ta tsare raƙumin dawan da ka gani ɗazu, ita ce ta tsare shi. Ba ta ce sai mai dogon wuya ba.

Inna ta tafa hannu ta ce: «Ikon Allah! Ashe dai jemage ya biya lanho, tun da ga shi ya sami sarki.»

Gaskiyar dattijon ce. A dajin da aka haramta farauta ɗungum, haramcin ya hau kan babba da ƙarami, kuma doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998, wadda ta tsara farauta da kare namun daji a Nijar, ta ƙarfafa wannan. A wasu ƙasashe abin ya wuce iyakar gandun daji: a Faransa, tun 1981, kowane irin jemage a ƙarƙashin kariyar doka yake ko da cikin rufin gidanka ya sauka, kuma ƙasashen Turai sun ƙulla yarjejeniya ta musamman domin jemagu a 1991.

Da ya ga yaran sun yi shiru, sai dattijon ya kira su ya ce kowa ya buɗe tafin hannunsa. Ya ce su ɗauka yatsu huɗu sun yi tsawo har sun kai tsawon jiki, an shimfiɗa fata mai laushi tsakaninsu har zuwa ƙafa, babban yatsa kaɗai ya rage a waje da ɗan farcensa: wannan shi ne fiffiken jemage. Ashe da hannu yake tashi. Sunan da masana suka ba danginsa ma daga kalmomin Girkanci biyu ya fito, hannu da fiffike. Ba ya ƙwai, ba shi da gashin tsuntsu. Haihuwa yake yi, ya shayar da nono. Saboda haka gardamar tatsuniya ta ƙare: dabba ne, kuma cikin dabbobi masu shayarwa shi kaɗai Allah ya ba tashi na sosai. Irinsa ya haura 1,400 a duniya, wato cikin kowane iri biyar na dabbobi masu shayarwa, kusan ɗaya jemage ne. Ratayar da yake yi kai ƙasa kuwa ba wahala ba ce gare shi, domin jijiyoyin ƙafarsa an yi su ne yadda nauyin jikinsa ke ƙulle faratan a jikin reshe, ya yi barci bai kashe ƙarfi ba. In zai tashi sai ya saki kawai, iska ta karɓe shi.

Muna cikin haka ɗiyata ta ce tana jin wani ɗan tsiwa-tsiwa siriri a sama. Ƙanenta ya ce shi ma yana ji. Ni na kasa kunne ban ji kome ba, Inna kuwa ta ce yara da ƙarya. Ba ƙarya suka yi ba. Kunnen ɗan Adam ba ya kama sautin da kaɗawarsa ta wuce dubu 20 a daƙiƙa, kuma iyakar tana raguwa da shekaru, shi ya sa yaro ke jin abin da ya kuɓuce wa ubansa. Ƙananan jemagu da irin wannan siririn kuka suke ganin hanya: su yi kira, sautin ya bugi abin da ke gabansu ya komo, daga amsa-kuwwar su gane nisansa da girmansa da inda ya nufa. Mafi yawan kiran ya fi ƙarfin kunnen kowa, yaro da babba. Idan jemage ya kusa cafke ƙwaro, kiran yakan kai kusan 200 a daƙiƙa guda. Wani malami ɗan Italiya, Lazzaro Spallanzani, shi ya fara lura a 1793 cewa jemagen da aka hana wa gani yana kauce wa shinge lafiya lau, sannan aka gano cewa wanda aka toshe wa kunne karo yake ta yi. An yi kusan shekara 150 ba a san dalili ba, sai a 1938 wani ɗalibin jami'ar Harvard a Amurka, Donald Griffin, ya saurari kukan da na'ura. Duk da haka babu jemage makaho. Duka suna da ido, kuma suna gani.

Abin da suke nema bisa tabkin nan shi ne ƙwari: sauro, da shinge, da malam-buɗe-littafin dare. Uwa mai shayarwa takan ci kusan nauyin jikinta na ƙwari a dare guda. Manomin Dakwaro ya san tsutsar nan murzuna da ke cin zangarniyar hatsi tun tana tsaye. To, uwar da ke zuba ƙwanta malam-buɗe-littafin dare ce, irin abin da jemage ke fita farauta. A Amurka an yi lissafin wannan aiki: a 2011 masana suka ƙiyasta cewa jemagu na rage wa manoman ƙasar hasarar aƙalla dalar Amurka miliyar 3 da miliyan 700 kowace shekara. An kuma ga abin da ke biyo bayan rashinsu. Tun 2006 wata cuta mai kama da fumfuna ta kashe miliyoyin jemagu a can, kuma binciken da Eyal Frank na jami'ar Chicago ya wallafa a 2024 ya nuna cewa a gundumomin da cutar ta shiga, manoma sun ƙara feshin maganin ƙwari da kusan kashi 31 cikin 100, mutuwar jarirai kuma ta ƙaru da kusan kashi 8 cikin 100. Wannan a ƙasar da ke da kuɗin sayen magani ke nan. Mu da manominmu ke sayar da akuya kafin ya sayi kwalba guda, ma'aikacin da ke yi mana feshi kyauta bai cancanci dutse ba.

Kan hanyar komowa Inna ta tayar da maganar kashi ta baki, ta ce wannan kam da idonta ta gani a gindin mangwaro a Maraɗi. Dattijon ya ce abin da ta gani gaskiya ne, fassarar ce ta kauce. Jemagu kashi biyu ne. Akwai ƙananan nan masu cin ƙwari, akwai kuma manya masu fuska kamar ta kare, masu manyan idanu, waɗanda ƴaƴan itace da ruwan fure ne abincinsu, kuma da ido da hanci suke neman sa. Babban jemage in ya sami ɗan itace sai ya tauna, ya matse ruwan da harshe ya haɗiye, ya tofar da tuƙar. Tuƙar nan ce mutane ke gani tana faɗowa daga bakinsa. In zai yi bayan gida na gaskiya, juyowa yake ya rataya da manyan yatsunsa, kai sama, don kada ya ɓata jikinsa.

Labarin waɗannan manya ne ya fi riƙe ni, har na bi shi cikin littattafai bayan mun komo. Mafi shahara cikinsu shi ne mai launin kara, wanda masana ke kira Eidolon helvum. Duk wanda ya zauna Yamai ya san garkensa da ke rataye a manyan itatuwan tsakiyar gari a wasu watanni na shekara, da magariba su tashi kamar hayaƙi. Nauyinsa bai cika wuce giram 300 ba, amma buɗin fukafukansa yakan kai santimita 75. Ɗan ci-rani ne, yana bin ruwan sama da nunar itatuwa daga ƙasa zuwa ƙasa ba fasfo. A dajin Kasanka na Zambiya miliyoyinsu ke taruwa daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba, kuma an bi sawun wasu da tauraron ɗan Adam an ga sun yi tafiyar fiye da kilomita 2,000. A Accra, babban birnin Gana, an gano cewa yakan ɗauki ƙwayar iri cikin cikinsa ya yar da ita har nisan kilomita 75, abin da da wuya wani tsuntsu ko biri ya yi. Wani bincike na 2019 ya ƙiyasta cewa garken Accra mai jemage dubu 150 yana watsa ƙananan iri fiye da dubu 300 a dare guda.

Ga kuma inda zancen ya iso tukunyarmu. Furen kuka fari ne, babba, yana reto a doguwar igiya, ba ya buɗewa sai da magariba, yana da wari mai tsami, kafin wata magaribar kuma ya yanƙwane. Furen da ya zaɓi dare ba zuma yake jira ba. Tun 1945 wani masanin tsirrai Bafaranshe, Paul Jaeger, ya bayyana a Senegal yadda jemagu ke zuwa shan ruwan furen kuka, garin fure ya manne a gashinsu, su kai shi wata kukar, ta haka itacen ke ɗaukar ƴaƴa. A 1957 wasu masana biyu, Baker da Harris, suka ga irin haka ga ɗorawa a Gana, ita da ke ba mu kalwar daddawa da ke zo mana daga kudu. Mai gardama zai ce ai miyar kuka da ganye ake yinta, ganye kuwa ba ruwansa da fure. Haka ne. Amma kukar da ke ba mu ganye yau wani ƙwallo ne ya tsira tun zamanin kakanni, wadda za ta ba jikokinmu ganye kuma daga ƙwallon bana za ta fito, ƙwallo kuwa sai fure ya sami mai kai masa gari.

Matsalar ita ce jemage ba ya mayar da hasara da wuri. Ɓera na zuba ɗiya rututu sau da dama a shekara. Mafi yawan jemagu ɗa guda suke haihuwa a shekara, jaririn kuma yakan kai kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin uwarsa. Da na karanta wa maiɗakina wannan, ta yi lissafi ta ce wato mace mai kilo 60 ta haifi ɗa mai kilo 15, ta ce lalle uwar jemage ta cancanci a gaishe ta. Abin da ke cike musu giɓi shi ne tsawon rai: an taɓa kama wani ɗan ƙaramin jemage a Siberiya, wanda bai kai giram 10 ba, shekara 41 bayan an sa masa zobe. Dabbar da ke haihuwa ɗaya-ɗaya, in aka kashe garkenta a wuni guda, sai an yi shekaru kafin ya komo. A kudancin Gana an ƙiyasta a 2011 cewa ana sayar da aƙalla jemage mai launin kara dubu 128 kowace shekara domin nama. Shi ya sa tun 2005 aka sa shi cikin jerin yarjejeniyar Bonn ta kare dabbobi masu ƙaura, wadda Nijar na cikin ƙasashen da suka amince da ita, kuma ƙungiyar duniya mai lissafin halittun da ke raguwa ta sa shi cikin waɗanda suka kusa shiga haɗari.

Ba zan ɓoye wa mai karatu ɗaya gefen ba, domin tun Ebola ta 2014 da korona ta 2020 sunan jemage ya ƙara ɓaci. Gaskiya ne wasu jemagu na ɗauke da ƙwayoyin cuta. An tabbatar da cewa cutar Marburg na zaune jikin wani irin jemage mai kwana cikin kogon dutse, kuma tun 1956 aka sami wata ƙwaya ƴar'uwar ta haukan kare jikin jemage a Legas. Saboda haka kada a taɓa jemage da hannu, kada a ci shi, kada a ba yaro ɗan itacen da ya gatsa. Wanda ya ciza kuwa ya wanke wurin da ruwa da sabulu sosai, ya nufi likita nan take. Amma kisa ba magani ba ne. A mahaƙar Kitaka ta Uganda, bayan Marburg ta kama masu haƙa a 2007, an hallaka garken jemagun ramin a 2008. Wasu jemagu suka zo suka maye gurbinsu, da aka auna sai aka tarar masu ɗauke da cutar cikinsu sun ninka na da fiye da sau biyu, kuma a 2012 annobar ta ɓulla a garin Ibanda da ke kusa. Masu shan jini kuwa da ake tsorata mutane da su a sinima iri uku ne tak, kuma duka a nahiyar Amurka suke. Babu ko ɗaya a Afirka.

Dajin Gadabeji yana da iyaka da masu tsaro. Bedin da ke bakin kasuwa, da mangwaron garka, da rufin ajin lakwal ba su da su, kuma a nan ne jemage ya fi haɗuwa da mu. Wanda jemagu suka cika wa rufi da wari yana da gaskiyar ƙorafi, sai dai hayaƙi da wuta da guba ba su ne hanya ba. A bari lokacin da ba su da jarirai, a jira su fita kiwo da dare, a toshe ƙofofin da suke shiga. Kashin kuma a yayyafa masa ruwa, a rufe hanci a share, a kai garka, domin taki ne mai ƙarfi. Manoman jihar Maraɗi da suka rungumi sassaben zamani tun bayan farin 1984, har su da na Damagaram suka rayar da itatuwa kimanin miliyan 200, sun san darajar ɗan tsiro. Saura a san ta tsohon ice mai kogo, wanda mai gatari ke gani kamar ya gama amfani alhali gari guda ne ke kwana cikinsa. Malamanmu na zaure ma suna da abin faɗa, domin Tafsirin Jalalaini ya kawo cewa abin da Annabi Isa, alaihissalam, ya siffanta da yumɓu ya tashi da izinin Allah, jemage ne.

Roƙona ga malaman lakwal na Dakwaro, da na Kornaka, da na Barmo, shi ne su ba jemage darasi guda cikin shekara, ba cikin aji ba, a gindin ice da magariba, a bar yara su ƙirga masu fita, su buɗe tafin hannu su gwada da fiffike. Darasin ba ya cin ko dala. Iyaye kuma, in za mu ba da tatsuniyar lanho, mu ba da ita, don tana da daɗi, amma mu ƙara da labarin furen kuka. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana hatsi daga ƙwari.